Hajiya ta ce a huda kunnen jaririya in maigida ya fita, shi kuma ya ce kar a taɓa

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a sakaya sunana. Ina zaune a Agege da mijina, yau sati uku da haihuwata, mace na samu kuma ita ce ta fari. Mahaifiyata Allah ya mata rasuwa shi yasa Hajiya uwar mijina ce ta taho daga Katsina take min zaman jego, kuma wlh tana kula da ni ba zan ɓoye ba. Matsalar ita ce tun ranar suna take cewa a huda kunnen yarinyar, ita da kanta za ta huda da allura da zare yadda ta yi wa 'ya'yanta da jikokinta. Shi kuma maigida ya ce min ba za a taɓa kunnenta ba sai ta girma ta ce tana so, saboda ƙanwarsa tana da wani tsiro a bayan kunne an yanke har sau biyu yana dawowa. Amma baya iya faɗa wa Hajiya, ni yake faɗa wa a ɗaki. Jiya Hajiya ta ce in ya tafi kasuwa mu yi abinmu, in ya dawo ya gani ai ba zai toshe ba. Ni gaskiya a raina ina so don duk wanda ya shigo barka sai ya ce namiji ne? Maƙwabciyata Bayarabiya tata ma tun a asibiti aka huda tana kwana biyu kuma lafiyarta lau. Anti ya zan yi?

Wa alaikumus salam 'yata, barka da arziki, Allah ya raya mana ita ya sa mai albarka ce, ita kuma mama Allah ya jiƙanta ya sa ta huta. Haihuwar fari ba uwa a kusa kuma a Legas ba ƙaramin abu bane, sannu.

Bari in fara da wanda ya fi gaggawa kafin gobe da safe ya ɗau jakarsa ya fita: kar ki yarda a yi hujin nan a bayan idonsa. Ko da ace hujin alheri ne zalla ba wata matsala a ciki, kar ki yi. Hajiya gaskiya ta faɗa ba zai toshe ba, kuma ba zai iya yi mata faɗa ba, to wa kike ganin zai sauke wa? Ita wata ɗaya ko biyu za ta hau mota ta koma Katsina, ke za a bari da mutumin da ya ce miki kar a yi kika riƙe masa 'ya aka yi. In kuma kunnen ya ɗan yi ja ko yarinya ta kwana tana kuka ko da ciwon ciki ne ya sa ta, sunanki ne zai fito. Ki ajiye wannan a gefe, an gama da shi.

To yanzu maganar kanta. Ni ban ga mahaukaci a gidanku ba. Hajiya ba mugunta take nufi ba, abin da ta tashi ta gani kenan, a wajenta jaririya mace ba huji kamar ba a gama shirya ta bane, kuma tana so kafin ta tafi ta ga jikarta da ɗan kunne ta san da hannunta a ciki. Mijinki kuma ba boko ne ya ɗebe shi ba, abu ya gani da idonsa a kunnen ƙanwarsa. Ke ma son da kike yi ba laifi bane, wace uwa ce bata son ganin 'yarta ta yi kyau.

Ta ɓangaren addini don nasan wani zai iya jawo shi cikin rigimar, mafi yawan malamai sun halatta huda kunnen 'ya mace don ado. Hujjar da aka fi kawowa hadisin Ibn Abbas ne da ke Bukhari da Muslim, ranar idi Manzon Allah (SAW) ya je wajen mata ya yi musu wa'azi ya umarce su da sadaka, suka dinga cire 'yan kunnensu da zobba suna jefawa a tufar Bilal. Kinga kenan matan sahabbai da hujinsu kuma ba a hana su ba. Ibnul Ƙayyim yana cikin waɗanda suka ce ya halatta ga mace, Imam Gazali kuma yana cikin waɗanda basu so ba saboda a ganinsa jin ciwo ne ba tare da larura ba. Abin da nake so ki riƙe shi ne halal ne, amma ba wajibi bane, ba ya cikin hukuncin suna kamar yanka ko aski, babu ranar da aka ɗaure shi da ita. Wanda ya huda bai yi laifi ba wanda ya jinkirta bai bar sunna ba. Don haka duk mai ce miki dole kafin arba'in, al'ada yake faɗa miki, kuma al'ada ana iya zama da ita a daidaita.

Ni abin da ya fi damuna a wasiƙarki sati ukun nan ne. Jaririn da bai kai wata ɗaya ba jikinsa bai iya faɗa da ƙwayar cuta ba tukuna, ƙaramin ƙurji da babba zai share shi kuma yana iya shiga jininsa. Shi yasa a asibiti basa wasa da zazzaɓin jariri, duk yaron da bai kai wata uku ba in zafin jikinsa ya kai 38 a ma'auni ba maganar a ba shi farasitamol a jira gari ya waye, asibiti ake nufa a lokacin, in kuma bai cika kwana 28 ba yawanci kwantar da ku za a yi, a ɗebi jini, wani lokacin har ruwan baya, a sa masa allurai na kwanaki. Ki auna wannan wahalar da kuɗin da gosulon da za ki sha daga Agege da tsakar rana da jaririya tana zafi a hannunki, duk a kan ɗan kunne. Ba cewa nake duk wadda aka huda sai ta yi zazzaɓi ba, yawancinsu lafiya suke warkewa, ta maƙwabciyarki ma ga ta nan. Nasan a Legas asibitoci da yawa nas ce ke hudawa tun kafin a sallami mai jego, Yarabawa da Inyamurai da namu duk ana yi. Amma dacewar wata ba ta zama miki lasisi, kuma ita aƙalla nas ce ta yi mata da kayan da aka fito da su daga leda, ba allurar ɗinki ba.

Ga kuma maganar rigakafi. In kin duba katin da aka ba ki za ki ga akwai allurar da ake yi wa yaro a cinya a sati 6, sati 10 da sati 14, ita ake kira Penta, cuta biyar take tarewa, a ciki akwai mashaƙo da tarin shiƙa da ciwon hanta da kuma cutar nan mai sandarar da jiki ta sarƙe haƙora, tetanus. Ita tetanus ta rauni take shiga, musamman raunin da ƙazanta ta taɓa. Yanzu haka 'yarki abin da take da shi na kariya wanda ta samu ne daga jikinki in kin yi allurar lokacin awo, nata na kanta bai fara ba. Shi yasa ni shawarar da nake ba kowa ita ce in za a huda a bari a gama Penta ukun nan, wato bayan wata uku da rabi. A lokacin wuya ya fara tsayawa, fatar kunnen ta ɗan ƙara girma ana iya saita hujin a tsakiya, don wanda ake yi wa ɗan kwana biyu sau da yawa in yarinya ta girma sai ki ga ɗaya a sama ɗaya a ƙasa ko ya zo dab da baki har nauyin ɗan kunne ya yaga shi. Ki duba cikin ƙawayenki za ki samu mai irin wannan.

Za a ce miki ai yanzu ne naman yake da taushi bata jin zafi. Tana ji. Tunawa ne ba za ta yi ba amma zafi tana jinsa sarai, ki tuna ihun da ta yi ranar da aka yi mata BCG, allurar rigakafin tarin fuka. Abin da ke rage musu shi ne a sa su a nono lokacin da ake yi ko da an gama nan take, yadda ake yi in an je rigakafi.

Allura da zare kuwa, hmm. Ni ma da shi aka huda nawa, wata tsohuwa a unguwarmu ce ta yi wa kusan duk sa'o'ina, a sa baƙin zare a ƙulle, kullum a shafa man shanu ana jan zaren, in ya kwana biyu a cire a sa tsinken tsintsiya don kar ya toshe. Mun rayu, Allah ya tsare. Amma waɗanda kunnensu ya ruɓe ya yi ta ruwa wata da watanni ba a lissafa su, cewa ake kunnenta ne baya son huji ko maita ce ko baki. Zare yana shan ruwa, ruwan wanka da gumi da nonon da ya gangaro da tumbuɗi duk yana tsotsewa ya riƙe a cikin raunin, kuma kullum ana jansa ana shigar da dattin waje ciki. Wannan a Katsina kenan inda iska take a bushe, balle Legas da ko wanka kika fito kafin ki shafa mai kin jiƙe, jarirai wuyansu duk ƙurajen zafi, in ba wuta a kwana ana fifita. Rauni a nan baya bushewa da wuri irin na gida, wannan ko Hajiya in ta lura da yadda shanya ke kwana biyu bata bushe ba za ta yarda. Sannan ɗan lasa wa allura wutar ashana ko a goge ta da sifirit ba shi ne tsabtace ta ba. Allurar da ta shiga jikin wani yaro bata da hurumin shiga jikin naki, ciwon hanta nau'in B ta irin wannan hanyar yake bi, kuma ƙasar nan muna da shi sosai, babban binciken da gwamnati ta yi a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da shi, da yawansu basu ma sani ba. Abin tsoron shi ne wanda ya kamu yana jariri shi ya fi zama da cutar har girma.

Haka ita ma bindigar huji da ake yawo da ita a kasuwa da shagunan gyaran gashi, kar kyallinta ya ruɗe ki. Jikinta roba ne ba a iya dafa ta, an harba wa mutum nawa kafin ke ba ki sani ba, kuma ba yanka take ba tura ɗan kunnen take da ƙarfi ya fasa naman. In za a yi a je wajen nas ko likita, a wanke hannu a sa safar hannu, a ɓare sabon abu a gabanki. Ki tambaya a asibitin da kika haihu ko inda kike kai ta rigakafi, in basa yi za su nuna miki inda ake yi.

Tunda muna kan maganar ƙarfe da jikin jariri bari in ɗan ratse, in wanzami bai riga ya cire mata beli ranar suna ba dan girman Allah kar a cire. Wannan ya fi hujin kunne haɗari nesa ba kusa ba, jini yana iya ɓallewa kuma belin nan ba ciwo bane halitta ce kowa da nasa. Na dawo.

Yanzu tsiron ƙanwar mijinki, wanda a ganina shi ne zuciyar maganar gaba ɗaya kuma shi ne ku duka ukun ba ku zauna kun duba ba. Yadda kika kwatanta shi, a bayan kunne, an yanke yana dawowa, ya yi kama da abin da likitoci ke kira kiloyid. Tabo ne da ya ƙi tsayawa. Kowa in ya ji ciwo jiki yana saƙa nama ya rufe wajen sai ya daina, to masu wannan jikin nasu baya jin an isa, sai ya ci gaba da saƙawa har ya wuce girman ciwon, ya zama ƙullutu mai sheƙi mai tauri, wani kamar gyaɗa wani har kamar goro ko ya fi, yana ƙaiƙayi wani lokacin yana suka. Ba ciwon daji bane, baya kisa, ba a ɗaukarsa a jikin wani, amma yana da naci kuma yana ɓata wa budurwa rai ba kaɗan ba. Mu baƙar fata mun fi kowa yinsa, yana bin jini a dangi, kuma kunne da ƙirji da kafaɗa da bayan wuya nan ne gidansa. Yanka shi kaɗai yawanci baya magani don yankan ma sabon rauni ne, shi yasa yake dawowa wani sa'in ya fi na da girma. Masu aikin fata haɗawa suke da allurar da ake yi a cikin tsiron duk bayan 'yan makonni da wani ɗan kunne mai matse wajen, kuma ana daɗewa ana yi. Kinga tsoron mijinki yana da tushe, kar ki raina shi.

Amma ga inda lissafinsa ya juye. Shi kiloyid ba kasafai yake kama jarirai da ƙananan yara ba, ya fi tasowa daga shekara 10 zuwa 30, lokacin balaga da ƙuruciya. Akwai wani ɗan bincike da likitoci suka fitar a Amurka a 2005 a kan daidai wannan tambayar, mutanen ba su da yawa amma abin da suka gani shi ne waɗanda aka huda wa kunne suna da shekara 11 zuwa sama sun fi yin tsiron sosai a kan waɗanda aka huda wa kafin nan. Shawarar da suka bayar ita ce gidan da ke da wannan jinin ko dai a haƙura da hujin gaba ɗaya, ko in dole za a yi to a yi shi tun yarinya tana ƙarama. To kinga "sai ta girma ta ce tana so" in ba a yi hankali ba shi ne zai kai ta daidai shekarun da abin ya fi kamawa. Don ki sani yarinyar Bahaushe a Agege da wuya ta kai aji uku a sakandare ba huji ta haƙura, ƙawaye ne za su kai ta wani shago a harba mata ba ku sani ba, ko a bari sai an zo saka kayan lefe a tuna.

Shi yasa nake so ki yi wani aiki ɗaya kafin komai. Ki kira ƙanwar mijin nan ku gaisa ki tambaye ta, a wane hujin tsiron ya fito kuma tana da shekara nawa aka yi shi? Don sau da yawa in kika bi za ki tarar hujin farko da aka yi tana jaririya lafiyarsa ƙalau, na biyu ne ko na uku da ta ƙara da 'yan matancinta ya jawo, musamman na sama wajen guringuntsi wanda dama ya fi wuyar warkewa. In haka ne kin samu amsar da za ki ba mijinki, ita ma Hajiya an wanke ta don ƙila a ransa yana ganin allurarta ce ta jawo. In kuma ta ce a'a tun na yarinta ne ya tsiro, ko kika ga shi maigidan da kansa yana da irin tabon nan masu tudu a ƙirji ko a haɓa wajen aski, ko ke kina da shi, ko akwai wasu a dangin, to magana ta canza. Nan sai ku ɗauki yarinyar ku je ku ga likitan fata kafin a taɓa ta, akwai su a asibitocin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba da LASUTH a Ikeja wanda ya fi kusa da ku. In likita ya ce a bari, a bari ɗin, akwai 'yan kunne na mannawa da za ta sa ranar sallah in ta yi wayo, ba wanda zai gane.

Kuma ban ce maganarsa ta a bari ta zaɓa da kanta shirme bace. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma abin da suka fi so kenan, a jira sai yaro ya iya kula da wajen da kansa, duk da sun ce in an yi da tsabta aka kula da shi haɗarin kaɗan ne ko a wane shekaru. Uba ne yana da hakki a kan 'yarsa kamar yadda kike da shi. Kawai dai ya yanke hukunci da cikakken bayani ba da rabin labari ba. In ya ji duk wannan ya ce shi dai har yanzu a'a, to ki bar shi a a'a ɗin zuwa wani lokaci, kunne ba guduwa zai yi ba, shekara biyu ko biyar ma duk ƙarama ce.

In kuma kun daidaita za a yi, ki kula da abin da za a saka. Barima ƙarama mai santsi, ba mai lilo ba ba zobe ba, don yatsanta ko zaren hula ko bakin zanin goyo yana iya shiga ya fizge. Gwal na gaske in da hali, daga karat 14 zuwa sama, ko irin ƙarfen asibiti da ake sayarwa a rufe a leda. Waɗannan na tire da ake wa ruwan gwal ana zubawa a kasuwannin Balogun da Oshodi kyau ne da su amma yawanci da sinadarin nikel a ciki, shi ke sa kunne ƙaiƙayi da ruwa da baƙi, kuma in jiki ya fara ƙinsa ya ƙi kenan har tsufa, shi ne za ki ji mace tana cewa ni kunnena sai gwal, ba iyayi bane. Makullin bayan ya zama mai murɗawa wanda baya fita da sauƙi, don yaro duk abin da ya tsinta baki yake kaiwa, sannan kar a matse shi jikin fata a bar ɗan sarari, in aka matse kunnen ya kumbura makullin yana nutsewa cikin nama sai an tsaga a ciro.

Kula da shi ba wuya, sai dai naci. Ki wanke hannu da sabulu kafin ki taɓa, safe da yamma ki goge gaba da baya da auduga da ruwan gishirin asibiti da ake sayarwa a kemis ko abin da nas ɗin ta ba ki, ki tsane shi ya bushe. Kar a cire kar a canza sai ya yi sati shida aƙalla. Ba man goge baki, ba man zafi, ba toka, ba kananzir, duk na ji ana sawa. In Hajiya tana mata wanka ki ce a tsallake kunnen wajen gashi da tawul mai zafi. In kin ga ja yana yaɗuwa, ko kumburi, ko mugunya mai wari, ko jikinta ya yi zafi ko ta ƙi kama nono, ba sai kin turo min wasiƙa ba ki tafi asibiti.

Saura yadda za a faɗa wa Hajiya, kuma a nan da mijinki nake. Malam in an karanta maka wannan, ba daidai bane ka yi doka a ɗaki ka fice kasuwa ka bar mai jego ta sati uku tana karewa tsakaninka da mahaifiyarka. Ita suruka ce, duk yadda ta lallaɓa ta ce a'a sunansa ta yi wa uwar miji musu, kai kuwa ɗa ne ko ka faɗa ba daɗi gobe an manta. Ka zauna da ita bayan isha ka ce Hajiya ba ƙin maganarki na yi ba, abin da ya samu wance ne yake tsorata ni, a bari a gama mata alluran rigakafi mu tambayi likita. Shikenan fa. Ita ta yi jinyar kunnen 'yarta ta san zafin abin fiye da kai.

Ke kuma naki shi ne in ta sake cewa mu yi abinmu, ki yi dariya ki ce wai Hajiya so kike ɗanki ya kore ni, ni tsoronsa nake ji, ki faɗa masa da kanki ke ce dai zai ji maganarki. Kin mayar mata da girmanta kin kuma zare kanki. Sannan ki ba ta wani abu a hannu don kar ta ji an ture ta, ki ce ita za ta zaɓi ɗan kunnen farko, in da hali ita za ta saya wa jikarta ko kishiyarta ko ƙawarta, duk yadda suke wasan, a ajiye da sunanta, ranar da za a huda a kira ta a bidiyo ta gani ta sa albarka. Tsofaffin nan sau da yawa ba allurar ce ta dame su ba, so suke a san da su. Kuma matar da ta baro gidanta ta zo tana dafa miki ruwan wanka tana dama miki kunun kanwa a garin da ko yaren bata ji ta cancanci a lallaɓa ta.

Masu cewa namiji ne kuwa ki ƙyale su, jariri ɗan sati uku duk kamarsu ɗaya, ko kin sa mata ɗan kunne har kafaɗa sai an samu mai tambaya. Ki ɗaura mata ɗan ribom ko hula mai fure ki ce musu mace ce sunanta wance.

Nan da sati uku za ku koma rigakafin sati shida, ki ce Hajiya ta raka ki ta riƙe miki yarinyar, in an zo kanku ki yi wa nas tambayar hujin a gabanta har da labarin tsiron, in nas ɗin bata jin Hausa ki fassara mata tsakani da Allah kar ki ƙara gishiri. Ki kuma turo min abin da ƙanwar mijin ta ce game da hujin nata, ina so in ji.